Farkon Amosanin Gaɓɓai: Abin da Ke Faruwa da Guringuntsi da Ƙashi Tun Kafin Hoto Ya Nuna

Wane irin amosanin gaɓɓai ake nufi a nan?

Sunan amosanin gaɓɓai ya haɗe cututtuka da yawa. Wanda ake magana a kansa shi ne wanda likitoci ke kira ostiyo'atiraitis, wanda jama'a suka fi sani da sanyin ƙashi ko ciwon gwiwar tsufa. Ya fi kama gwiwa, kwatangwalo, yatsun hannu, wuya da ƙasan baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 mata ne.

An daɗe ana kwatanta shi da cinyewar takalmi, wai gaɓa ta sha aiki har ta cinye. Kwatancen bai yi daidai ba, don takalmi ba ya ƙoƙarin gyara kansa. Gaɓa kuwa rayayya ce, kuma yawancin ɓarnar da ake gani a farkon ciwon ƙwayoyin gaɓar ne da kansu ke yin ta, garin gyaran da ya kuɓuce musu.

Da me aka yi guringuntsin gaɓa?

Shi ne farin abin nan mai sheƙi da santsi da ake gani a kan ƙashin cinyar kaza ko ƙafar saniya. A gwiwar mutum kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne a yawancin wurare, ya fi haka kaɗan a bayan ƙoƙon gwiwa. Kashi 65 zuwa 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Saura kuwa abu biyu ne ke riƙe da aikin.

Na farko shi ne kolajin nau'i na 2, zaruruwa ne da aka saƙa kamar raga. Na biyu shi ne agirikan, wani babban sinadari mai siffar buroshin wanke kwalba, wanda gashinsa ke janyo gishiri da ruwa. Agirikan yana son ya sha ruwa ya kumbura, ragar kolajin kuma tana hana shi. Wannan ja-in-ja ne ke sa guringuntsi ya yi tauri kamar tayar da aka cika da iska. Idan aka taka ƙafa, ruwa kaɗan ya matsu ya fita. Idan aka ɗaga, ya koma. Ruwan ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin a farkon kowane taku.

Saƙar ba iri ɗaya ba ce daga sama zuwa ƙasa. A saman, wanda bai wuce kashi 10 zuwa 20 na kaurin ba, zaruruwan kwance suke, don su jure guga. A tsakiya a karkace suke ta ko'ina. A ƙasa a tsaye suke kamar turaku, sun kafe cikin wani siririn guringuntsi mai tauri da ya sha kalsiyam, shi kuma ya manne da ƙashi. Tsakanin mai laushin da mai taurin akwai wani layin iyaka da ake gani da madubin likita, kuma za mu dawo kansa.

Ƙwayoyin halittar da ke kula da wannan gini duka, wato kondirosait, ba su wuce kashi 2 cikin 100 na girmansa ba. Kowace tana zaune a ɗan raminta, ba ta yawo, ba ta cika rabuwa ba. Babu jijiyar jini a guringuntsi, babu jijiyar jin zafi. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake shigowa, kuma matsawa da sakewar da tafiya ke yi na taimaka wa shigarsa.

Mene ne ke fara lalacewa?

Agirikan, musamman na saman. Idan kondirosait ta ji matsi fiye da ƙima, ko ta ji saƙon kumburi, sai ta fara fitar da sinadarai masu yanka. Waɗanda ke datse agirikan su ne ADAMTS-4 da ADAMTS-5. A 2005 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Ostireliya, suka nuna cewa ɓerayen da aka cire wa ADAMTS-5 guringuntsinsu ya tsira daga ɓarnar da ta cinye na sauran.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne a wannan mataki guringuntsin ba ya bushewa. Ruwansa ma ƙaruwa yake yi. Ragar kolajin ta fara sassautawa, ba ta iya matse sauran agirikan ɗin, sai ya sha ruwa ya kumbura ya yi laushi. Don haka guringuntsin da ya fara ciwo kan iya fin mai lafiya kauri a hoto, alhali ya fi shi rauni. Tun da ruwa ya daina zama a matse, nauyin jiki sai ya sauka kai tsaye a kan zaruruwan.

Daga nan sai MMP-13 ya shigo, wanda shi ne ya fi kowa iya yanka kolajin nau'i na 2. Saman da yake sumul sai ya fara tashi kamar bakin tsohon zane, sannan tsaga ta bi layin zaruruwan da ke tsaye ta gangara ƙasa.

Ƙwayoyin ba su zauna sun zuba ido ba. Suna rabuwa su yi dunƙule a gefen tsagar, suna ƙara ƙera agirikan da kolajin. Sai dai wasunsu kan rikiɗe su koma halin da suka baro tun ƙuruciya, irin na ƙwayoyin da ke mahaɗar girman ƙashin yaro: su kumbura, su fitar da kolajin nau'i na 10, su ƙara MMP-13, su aika saƙon kiran jijiyoyin jini. A jikin yaro wannan shiri ne na mayar da guringuntsi ƙashi don ya yi tsawo. A gwiwar ɗan shekara 50 kuwa rushe gida ne.

Me ya sa guringuntsi ba ya warkewa kamar fata ko karaya?

Fata da ƙashi suna da jini, shi ke kawo ƙwayoyin gyara. Guringuntsi ba shi da shi. Tun 1743 likitan nan William Hunter ya rubuta a Landan cewa idan guringuntsi ya lalace ba ya dawowa.

Amma a rarrabe. Agirikan ana sabunta shi cikin 'yan shekaru, don haka asararsa ta farko tana iya cikowa idan an sauke abin da ke jawo ta. Kolajin ne matsalar. A 2016 masu bincike a Kopanhegen ta ƙasar Danmak suka auna shekarun kolajin na gwiwa ta hanyar sinadarin kabon-14 da gwajin bama-baman nukiliya na shekarun 1950 da 1960 ya bari a iska. Suka tarar da cewa ragar da mutum ya gama ginawa lokacin da ya daina girma ita ce yake tafe da ita har tsufa, kusan ba a canza ta, ko da a gaɓar da ke ciwo. Ke nan ragar da ta yage ba a sake saƙa irinta. Ga shi kuma da shekaru sukari na manne wa zaruruwan ya ɗaure su da juna, su rasa danƙo, su zama masu saurin tsinkewa.

To ƙashin da ke ƙarƙashi fa, me ke samunsa?

A ƙarƙashin guringuntsi akwai siririn farantin ƙashi, a ƙarƙashinsa kuma ƙashi mai ramuka kamar saƙar zuma, cike da ɓargo. Shi wannan yana da jini da jijiyoyin ji, kuma ba ya daina sabunta kansa: kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashin babban mutum ake canzawa a shekara. Ma'aikata iri biyu ne ke yi. Ostiyokilas masu rushewa ne, suna gama ramin su cikin mako 2 zuwa 4. Ostiyobilas masu gini ne, su kuwa cike ramin kan ɗauke su wata 3 zuwa 4, taurinsa kuma sai daga baya.

Wannan bambancin lokaci ne ke bayyana abin da ake gani. A farkon ciwon aikin sabuntawa yana ƙaruwa ƙwarai, masu rushewa su wuce masu gini, sai farantin ya sirance ya yi huji-huji, sandunan saƙar zumar su ragu. An ga haka ƙarara a karnuka da ɓerayen da aka yanke wa igiyar tsakiyar gwiwa, cikin makonni kaɗan. Daga baya sai lamarin ya juye: gini ya rinjayi rushewa, farantin ya yi kauri, shi ne farin layin da ake gani a hoton ƙashi. Kaurin nan yaudara ce. Ƙashin gaggawa ne, bai samu lokacin shan isasshen kalsiyam ba, kolajin ɗinsa ma ba shi da inganci. Yawansa ya ƙaru, nagartarsa ta ragu.

Duk wanda ya taɓa yin daɓe a kan ƙasar da ba ta kwanta ba ya san sakamakon: wani wuri ya nutse, wani ya tsaya, daɓen ya tsage a tsakani. Guringuntsi ma a iyakar wuri mai tauri da mai laushi ya fi tsagewa.

Layin iyakar nan da aka ambata shi ma yana motsawa. Guringuntsi mai tauri yana cin mai laushi daga ƙasa, layin ya hau sama, a wasu wuraren a ga layi biyu ko uku. Ƙananan jijiyoyin jini kuma su huda daga ɓargo su shigo, jijiyoyin jin zafi na biye da su. Ana cin guringuntsin ta sama, ana cin sa ta ƙasa, kuma hujin da aka buɗe ya ba sinadaran ɓangarorin biyu hanyar kai wa juna.

Wanne ne ke fara ciwo, ƙashi ko guringuntsi?

Tun farkon shekarun 1970 likitan ƙashi Eric Radin na Amurka ya kawo ra'ayin cewa taurin ƙashin ƙasa ne ke fara kashe guringuntsi. Ya yi daidai da ya ja hankali zuwa ƙashi, amma bincike na baya ya nuna sirancewa ke rigan taurin. A 2013 wata ƙungiya a Jami'ar Johns Hopkins ta nuna a ɓeraye cewa masu rushewa na sakin sinadarin TGF-beta mai yawa daga cikin ƙashin, kuma rage shi a can ya kare guringuntsin da ke sama.

A mutum amsar ta danganta da mafari. Wanda ya yi rauni a filin ƙwallo ba hanya ɗaya ya bi da dattijuwa mai ƙiba ba. Kuma ƙashi ya fi saurin amsawa nesa ba kusa ba, don haka ganin canji a cikinsa da wuri ba hujja ba ce cewa shi ya fara. A aikace, gara a ɗauke su abu ɗaya.

Idan guringuntsi ba ya jin zafi, daga ina ciwon yake?

Daga maƙwabtansa. Na farko ƙashi. Hoton MRI, wato na'urar da ke nuna har sassa masu laushi na cikin jiki, kan nuna wasu tabo a ɓargon da ke daf da gaɓa. Da ana ce musu taruwar ruwa, amma da aka yanka aka duba sai aka ga yawanci ƙananan karaya ne, da matattun ƙwayoyi, da tabon gyara. David Felson da abokan aikinsa a Boston sun nuna a 2001 cewa tabon nan sun fi yawa ƙwarai a gwiwoyin da ke ciwo. Tabon suna girma, suna kuma raguwa, zafin na bin su.

Na biyu tantanin da ya lulluɓe gaɓar ta ciki. Gutsattsarin guringuntsi na faɗawa cikin ruwan gaɓa, ƙwayoyin garkuwa na tantanin su ɗauke su a matsayin alamar rauni, su saki sinadaran kumburi irin su IL-1, IL-6 da TNF. Waɗannan su koma su ƙara zuga kondirosait ta fitar da masu yanka, ɓarna ta haifi ɓarna.

Akwai kuma NGF, sinadarin da ke ƙara wa jijiyoyi kaifin jin zafi. An ƙera allurar tanezumab don toshe shi, ta kuwa rage zafi, amma gaɓoɓin wasu suka lalace da gaggawa, kamfanonin Pfizer da Eli Lilly suka dakatar da aikin a 2021.

Mene ne tsiron ƙashin da ake gani a gefen gaɓa?

Ƙwayoyin asali ne da ke gefen gaɓa, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama wasu nau'in ƙwayoyi, suke farkawa, su fara ƙera guringuntsi, sannan ya rikiɗe ƙashi. Suna faɗaɗa bakin gaɓar, wani lokaci har su rage mata rawa, amma suna tauye lanƙwasa. Ƙulle-ƙullen da ke fitowa a gaɓar ƙarshe ta yatsun dattawa irinsu ne. Yawan shan madara ko kalsiyam ba shi ke kawo su ba.

Da gaske ne ruwan gwiwa ke ƙarewa?

A'a. Gwiwa mai lafiya ruwanta bai cika kai cokalin shayi ɗaya ba. A wannan ciwo sau da yawa ƙaruwa yake yi, har gwiwar ta kumbura. Abin da ke raguwa shi ne yauƙinsa: sinadarin hayaluronan yana gutsurewa ya tsinke, lubirisin mai sa santsi a saman guringuntsi shi ma yana iya raguwa, musamman bayan rauni. Gurnanin da ake ji idan an lanƙwasa kuwa daga kaushin saman guringuntsi yake. Ƙarar ɓas guda ɗaya marar zafi ba alamar ciwo ba ce.

An yi hoton ƙashi an ce lafiya, amma gwiwa na ciwo. Yaya ke nan?

Hoton ƙashi ba ya ganin guringuntsi, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa biyu kawai yake nunawa. Kafin tazarar ta matse, an yi shekaru ana ɓarna. Ma'aunin da ake amfani da shi har yau, na Kellgren da Lawrence na Manchesta, na 1957 ne, daga mataki 0 zuwa 4, kuma ya dogara ne da tsiron ƙashi da matsewar tazara. Idan za a yi hoton, a yi shi a tsaye, nauyi na kan ƙafa. Na kwance yana ɓoye matsewar.

MRI kuma ya wuce gona da iri. A binciken garin Framingham na Amurka da aka buga a 2012, an duba mutum 710 'yan sama da shekara 50 waɗanda hoton ƙashinsu bai nuna ciwon ba. Kashi 89 cikin 100 an ga wani abu a gwiwarsu, har da mafi yawan waɗanda ba sa jin komai. Shi ya sa ƙa'idar likitocin Ingila ta ce wanda ya kai shekara 45, gaɓa na masa ciwo idan ya yi aiki da ita, kuma sandarewar safe ba ta wuce minti 30, ana iya gane ciwonsa ba tare da hoto ba.

Me ke tayar da wannan duka?

Nauyi marar daidaito a kan gaɓa mai lafiya, ko nauyi na yau da kullum a kan gaɓa mai rauni. A tafiya gwiwa na ɗaukar nauyin jiki ninki 2 zuwa 3, hawan bene da tsugunno sun fi haka. Wani bincike na 2005 ya nuna kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke kusan kilo 4 daga gwiwa a kowane taku. Ƙiba kuma ba nauyi kaɗai ba ce, kitse na fitar da sinadaran kumburi irin su leftin. Shi ya sa masu ƙiba ke yawan samun ciwon har a yatsun hannu, waɗanda ba a taka su.

Ƙafa mai lanƙwasa kamar baka tana jibge nauyi a ɓangaren ciki na gwiwa, wanda dama shi ya fi ɗauka. Yagewar miniskas, wato ƙananan filo biyu a cikin gwiwa masu siffar jinjirin wata da ke raba nauyi, ko cire su da tiyata, na tattara matsi a ƙaramin wuri. Waɗanda igiyar tsakiyar gwiwarsu ta tsinke, wadda 'yan ƙwallo suka sani da ACL, kusan rabinsu na samun ciwon cikin shekara 10 zuwa 20. Gado na da hannu, mata kuma ya fi kama su bayan daina al'ada.

Akwai hanyar da ƙashi ne tabbas ke farawa. Masu sikila jini kan toshe a kan ƙashin cinya, wurin ya mutu ya rufta, guringuntsin da ke sama ya bi shi. Yawan shan dekzametason ko firedinisolon ba bisa ƙa'ida ba, irin na haɗin kemis don ciwon jiki ko neman ƙiba, na iya jawo irin wannan. Matashin da ke jin ciwo a matsematsi yana ɗingishi kada a ce masa sanyi ne.

Sanyin hunturu ne ke shiga ƙashi?

Mutane da yawa ciwonsu na tashi a lokacin sanyi, kuma ba ƙarya suke yi ba. Amma sanyi ba ya yanka agirikan ko kolajin. Gasawa da ruwan ɗumi na sassauta sandarewa, ba laifi.

A huta wa gaɓar ko a motsa ta?

A motsa ta. Guringuntsin da aka hana nauyi, kamar na ƙafar da ta daɗe a filasta ko ta shanye, sirancewa yake yi. Kondirosait na buƙatar matsi matsakaici mai zuwa yana tafiya. Wanda ke cutar da ita shi ne duka mai ƙarfi ko murɗiya.

Abin yi: tafiya, keke ko iyo, a tara kamar minti 150 a mako, a fara da kaɗan. A ƙarfafa tsokar gaban cinya da tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, sau 10, zagaye 2 ko 3, kwana 3 a mako. Ɗan zafi yayin motsa jiki ba ɓarna ba ne, amma idan ya ƙaru bai koma yadda yake ba cikin awa 24, ko gwiwa ta kumbura, a rage. Mai ƙiba ya nufi rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, ba na ƙafar da ke ciwo ba. Wanda tsugunno ko dogon zama a kan ƙafa ke tayar masa da ciwon bayan ƙoƙon gwiwa ya nemi kujera a ranakun da ya tashi.

Akwai maganin da ke dawo da guringuntsi? Romon ƙafar saniya fa?

Har yanzu babu maganin da aka amince yana tsayar da lalacewar ko mayar da ita. Kolajin ɗin da aka ci, na ganda ko na romo ko na gwangwani, hanji na narkar da shi kamar kowane nama, ba ya tafiya gwiwa ya ɗinke raga. Gulukosamin a babban gwajin Amurka na 2006 bai fi ƙwayar gwaji marar magani a ciki ba ga yawancin mahalarta.

Magungunan da ke hana rushe ƙashi sun yi kyau a dabbobi, amma gwajin zoledironet na Ostireliya a 2020 bai kare guringuntsin mutane ba. Allurar sifirifamin, wani maganin gwaji, ta ƙara kaurinsa da kusan milimita 0.05 cikin shekara 2, zafi bai ragu ba. Allurar siteroid a gwiwa na kwantar da kumburi na 'yan makonni, amma a gwajin 2017 waɗanda aka yi wa duk bayan mako 12 har shekara 2 sun rasa milimita 0.21 na kaurin guringuntsi, masu allurar ruwan gishiri 0.10, zafinsu kuwa ɗaya. Ga rage zafi, man shafawa na diklofenak ya fi dacewa a fara da shi a gwiwa da hannu. Ƙwayoyinsa da na ibuprofen, idan aka daɗe a kansu, suna taɓa ciki da ƙoda, suna kuma ɗaga hawan jini.

Waɗanne alamu ne ke nuna ba wannan ciwon ba ne?

Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi a taɓi, ga zazzaɓi, ba a iya taka ta: a tafi asibiti a ranar, don ƙwayar cuta na iya cinye guringuntsi cikin kwanaki. Sandarewar safe da ta wuce awa ɗaya, da kumburin ƙananan gaɓoɓin hannu biyu, ya fi kama da rumatoyid, wani nau'in amosanin gaɓɓai dabam, wanda yake da maganin da ke tsayar da ɓarna idan an fara da wuri. Ciwo mai tsanani da dare a babban yatsan ƙafa na nuna gawut, shi ma wani nau'in amosanin gaɓɓai ne. Ciwon gaɓa ɗaya da ya yi watanni, da rama da zufar dare, a binciki tarin fuka na ƙashi. Idan an zuƙi ruwan gaɓar, na wannan amosanin fararen ƙwayoyin jininsa ba sa kai 2,000 a kowace mikirolita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Abin da ya haura haka sai a nemi wani dalili.